Kafin ka kai wuƙar Baba wurin mai washi

Mai karatu, in akwai tsohuwar adaka a gidanku, irin wadda ake ajiye takardun fili da tsofaffin hotuna da carbin da ya tsinke, ina roƙonka ka buɗe ta a wannan makon ka laluba can ƙasa. Ba mamaki hannunka ya ci karo da wata 'yar wuƙa mai naɗewa, wadda ruwanta ke shigewa cikin ƙotarta, ta yi baƙi, ta yi tauri wajen buɗewa. In ka same ta, kada ka yi mata komai tukuna. Kada ka dirje ta da yashi ko toka, kada ka jiƙa ta a kananzir, kada kuma ka miƙa wa mai washi. Ni na riga ka yin wannan kuskuren, kuma har yau ban gama jin ciwonsa ba.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, fataucin goro ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Tun da na yi wayo nake ganin wata wuƙa a aljihun gaban rigarsa, mai ƙotar katako ja-ja, da adon wata da taurari na farin ƙarfe a jikinta, da ɗan zobe a bayanta wanda sai an ja shi take rufuwa. In ya buɗe ta sai ka ji ƙar-ƙar-ƙar kafin ta tsaya cak. Da ita yake yanke igiyar huhun goro, da ita yake tsaga ƙwaya ɗaya ya nuna wa mai saye cikinta, da ita yake feƙe mana fensir ranar komawa makaranta. Bai taɓa ba kowa aronta ba, har mu 'ya'yansa. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya zauna a gindin randa da wani ɗan dutse mai santsi, ya ɗiga ruwa, ya riƙa jan kaifin a hankali. Shekara talatin da 'yan kai yana haka, har tsakiyar kaifin ya ɗan lotsa ciki, daidai wurin da ya fi aiki da shi.

Da aka zo rabon gado ba wanda ya sa wuƙar a lissafi. Yayata ce ta ɗauko ta daga aljihun rigar ta miƙo mini, ta ce, "Kai ka fi binsa kasuwa, ka riƙe." Na jefa ta a durowa na manta. Bayan shekara uku, ana jibi Babbar Salla, mai washi ya shigo layinmu da injinsa, yara suna ta fito da wuƙaƙen girki. Sai na tuna da ita na haɗa masa. Ya jujjuya ta ya ce, "Malam, wannan ai ta mutu, amma bari ka gani, sai na mayar maka da ita sabuwa fil." Ya kunna inji, tartsatsi ya tashi. Minti biyar bai cika ba ya miƙo mini ita tana ƙyalli kamar sabon cokali. Lotsawar nan ta tsakiya ta miƙe, hoton wata dabba da rubutun da ke jikin ruwan sun ɓace, tsinin kuma ya yi shuɗi-shuɗi. Na biya shi har da ƙari, ina murna.

Ranar Salla na nuna wa Yaya. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Wannan ba ta Baba ba ce."

Na ce, "Ita ce mana, Yaya, gyara ta aka yi."

Ta ce, "To, an gyara, Baba ya fita daga cikinta."

Ban ga laifin mai washi ba, aikin da aka ba shi ya yi. Ni ne garin neman gira na rasa ido. Amma daga ranar na fara bin diddigin irin waɗannan wuƙaƙe, ina karatu a kansu, ina leƙa wurin 'yan gwangwan da tsofaffin 'yan koli, har yanzu na tara ashirin da 'yan kai. Ashe akwai mutane da yawa a Turai da Amurka da wannan ne abin sha'awarsu, suna da ƙungiyoyi da mujallu da ranakun baje koli. Abin da na fara koya daga wurinsu shi ne tsohuwar wuƙa karanta ta ake yi kamar wasiƙa. Tambarin maƙeri, da launin ƙarfe, da inda hannu ya cinye ƙota, da yadda kaifi ya zaizaye, kowanne yana faɗa maka wani abu, kuma injin washi yana shafe su duka a lokaci guda.

Wuƙar Baba sunanta Okapi. An fara ƙera ta a shekarar 1902 a garin Solingen na ƙasar Jamus, kuma tun farko don kasuwannin Afirka aka yi ta, musamman ƙasashen da Jamus ke mulka a lokacin. Dabbar da aka goge daga jikinta ita ce okapi, wata 'yar uwar raƙumin dawa da ke dazuzzukan Kwango, wadda Turawa ba su san da ita sosai ba sai a 1901, shekara ɗaya kafin a raɗa wa wuƙar sunanta. A 1988 aka kwashe aikin ƙirar daga Jamus aka mayar Afirka ta Kudu, inda ake yin ta har yau. Ka ga ke nan rubutun nan da ke ƙarƙashin dabbar ba ado ba ne. In ya ambaci Jamus, wuƙar ta girmi 1988. In ya ambaci Afirka ta Kudu, bayan nan aka yi ta. Ni na san ta Baba 'yar Jamus ce domin na gan ta a hannunsa tun shekarun 1970, amma jikana ba shi da abin da zai duba ya tabbatar.

'Yan uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru, ku duba taku adakar da kyau, domin wata wuƙar ce ta fi yawo a ƙasashen da Faransa ta mulka. Sunanta Douk-Douk, siririya ce, ƙotarta falle ɗaya ne na ƙarfe da aka ninke, ba katako ba ƙaho. Gidan Cognet na garin Thiers a Faransa ne ya fito da ita a 1929, da niyyar sayarwa a tsibiran tekun Fasifik, shi ya sa aka zana hoton wani dodon mutanen can a jikin ƙotar. Can ba ta karɓu ba, sai aka juyo da ita Arewacin Afirka, ta samu kasuwa a Aljeriya, daga nan ta gangaro kudu. Abin da ya fi burge ni shi ne da masu ƙirar suka lura akwai masu sayen da ba sa son hoton dodo a aljihunsu, sai suka fitar da wata mai suna El Baraka, suka sa mata zanen adon azurfar nan da aka san Agadas da shi, wanda ake ratayawa a wuya. Maƙeri a tsakiyar Faransa yana zana adon Agadas don ya samu shiga kasuwar Afirka. Gaba ɗayan wuƙar ƙarfe shida ne kacal aka harhaɗa, babu abin da zai lalace a cikinta sai in an yi da gangan.

Sai dai in ana maganar wuƙar aljihu, uwa ma ba da mama ita ce Sheffield, wani gari a arewacin Ingila. Ƙananan koguna biyar ne ke gangarowa cikinsa daga kan tuddai, ruwansu ne ya riƙa juya duwatsun washi ɗaruruwan shekaru kafin a san lantarki. A 1624 majalisar dokokin Ingila ta amince da ƙungiyar maƙeran wuƙa ta yankin, wadda ke yi wa tambarin kowane maƙeri rajista, kusan irin tsarin sarkin maƙera a wurinmu, sai dai su da littafi suke aiki. Saboda wannan rajista ne yau mutum zai ɗauki wuƙar da ta shekara ɗari da hamsin ya faɗi gidan da ya ƙera ta. In ka ga tauraro da kuros a gindin ruwan, gidan Joseph Rodgers ne, kuma wannan tambari tun 1682 yake cikin littafi, kafin ma ya zama nasu. In ka ga haruffan I*XL, gidan George Wostenholm ne. Gidan Rodgers sun taɓa ƙera wuƙa guda mai ruwa 75 don babban baje kolin Landan na 1851. Ba a yi ta don yanka komai ba, nuna gwaninta ne kawai.

Yawancin aikin ba a manyan masana'antu aka yi shi ba. Ƙananan maƙera ne masu zaman kansu, kowa da ɗan shagonsa, wani ya buga ruwan, wani ya wasa, wani ya harhaɗa. Masu washin su suka fi shan wuya, domin ƙurar dutse da ta ƙarfe da suke shaƙa kullum ta sa da yawansu ba su kai shekara arba'in ba. Duk lokacin da na riƙe tsohuwar wuƙar Sheffield nakan tuna da wannan. Ɗaya daga cikin na ƙarshe a irin waɗannan maƙera, Stan Shaw, ya fara koyon aikin yana ɗan shekara 14, bai ajiye guduma ba sai da ya haura tasa'in, ya rasu a 2021 yana da shekara 94.

Wani abu da ya ba ni dariya: ƙaramar wuƙar aljihu, Turawan Ingila wuƙar alƙalami suke ce mata, domin kafin a ƙirƙiro bakin alƙalami na ƙarfe, da gashin tsuntsu suke rubutu, kuma sai an feƙe shi. Aikin da malam ke yi ke nan a tsangaya in ya zauna yana feƙe alƙalamin kara. Kantunan kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC sun daɗe suna shigo da kayan ƙarfe daga Ingila, 'yan koli suna rarraba su kasuwa-kasuwa, don haka kada ka yi mamaki in ka tsinci wuƙar Sheffield a jakar wani tsohon malami. Haka kuma in kakanka na cikin sojojin da suka je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, ka duba kayansa. Wuƙar da rundunar Ingila ke raba wa sojoji a lokacin mai kauri ce, baƙar ƙota mai zanen gida-gida, da mabuɗin gwangwani a jikinta. Akan buga mata sunan maƙeri da shekara, da wata alamar kibiya mai kama da sawun kaza, wadda ke nuna kayan gwamnati ne. Wannan in ka same ta, shekararta na rubuce a jikinta, ba ka buƙatar tambayar kowa.

Sauran kuwa sai an yi ɗan lissafi. Ka buɗe wuƙar ka duba gindin ruwan, kusa da inda yake juyawa, nan ne maƙera suka fi buga tambari. Ka haska da fitilar waya daga gefe, ba daga sama ba, rubutun zai fi fitowa. A 1887 Ingila ta yi dokar da ta tilasta rubuta ƙasar da aka yi kaya a kan abin da ake shigo mata da shi, daga nan rubutun Made in Germany ya yaɗu. A 1890 Amurka ta yi irin tata, shi ya sa maƙeran Sheffield suka fara ƙara kalmar England a ƙarƙashin sunan garinsu. Wuƙar da ke ɗauke da Sheffield kaɗai tana iya girmar wannan doka, amma kada ka rantse, domin wadda ba Amurka za a kai ta ba dokar ba ta shafe ta ba. In ka ga W. Germany, to tsakanin 1949 da 1990 aka yi ta, lokacin da Jamus ke rabe biyu. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa sai a 1913 Harry Brearley ya gano shi, a Sheffield ɗin dai. Saboda haka in dillali ya ce maka wuƙarsa tun kafin zuwan Turawa take, ka duba ka ga an rubuta Stainless, ko Rostfrei da Jamusanci, ko Inox da Faransanci, ka yi masa murmushi kawai ka taya ta kuɗin wuƙar jiya.

Wasu gidajen sun sauƙaƙa wa mutane. Kamfanin Case na jihar Pennsylvania a Amurka ya buga ɗigo goma a ƙarƙashin tambarinsa a 1970, duk shekara yana cire ɗaya, har 1979 da ya rage ɗigo guda. A wuƙaƙen waɗannan shekaru, ƙirga ɗigo kawai za ka yi. Opinel ta Faransa, mai zagayayyar ƙotar katako da tambarin hannu da kambi, Joseph Opinel ya fara yin ta a 1890, a 1897 ya jera ta girma-girma daga lamba 1 zuwa 12. Zoben nan da ake murzawa a wuyanta don ya kulle ruwan sai a 1955 aka ƙara shi. Babbar Opinel marar wannan zobe ta cancanci a sake dubanta, amma ƙananan, daga lamba 2 zuwa 5, har yau ba a sa musu shi. Jar wuƙar nan ta Suwizalan mai almakashi da abin sakace ita ma tana da nata masoyan, ni dai ba ta cika jan hankalina ba, ta fi kama da akwatin kayan aiki.

In ka tsinci wuƙa a kasuwa kana son saye, kada ƙyalli ya ruɗe ka. Ka fara da kunne. Ka buɗe ta a hankali ka ji ko tana tafiya sumul, ka rufe ka ji ko ta yi ƙas da ƙarfi. Masu tara wuƙaƙe a Amurka sukan ce wuƙar kirki tana tafiya tana kuma magana, suna nufin wannan santsi da wannan ƙara. In ta koma shiru, sifirin ɗin da ke bayanta ya gaji ko ya karye, kuma gyaransa ba ƙaramin aiki ba ne. Ka kama ruwan ka ɗan girgiza hagu da dama ka ji ko yana lilo. Ka rufe ta ka shafa yatsa a hankali ta gefe ka ga ko tsinin ya leƙo waje. In ya leƙo, an cinye ruwan da washi, kuma wata rana zai yaga aljihu ko yatsa. Sannan ka dubi ko tsufan ƙota da tsufan ruwa sun yi daidai. Ƙota ta sha jiki amma ruwa sabo, ko tambari ya fito raɗau a kan ƙarfen da ya zaizaye ko'ina, alama ce an yi haɗe-haɗe. Jabun Okapi ma sun cika kasuwa, da zanen wata da taurarinsu, amma ƙarfensu ba ya riƙe kaifi.

Nasan tambayar da ke ranka, nawa za ta yi? Gaskiya ita ce mafi yawan abin da ke cikin adakokinmu ba zai sa kowa ya yi arziki ba. Okapi da Douk-Douk wuƙaƙen talaka ne, an ƙera su da ɗimbin yawa, ana kuma ƙera su har gobe. Farashin da kake gani a intanet na wasu tsofaffin wuƙaƙen Sheffield ko na Case, na waɗanda ruwansu bai zaizaye ba ne, ƙahon ƙotarsu bai tsage ba, kuma ba a taɓa goge su da inji ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mutanenmu ba su sani ba. Mu a wurinmu gogewa ƙarin daraja ce, a wurin masu saye kuwa wuƙar da aka goge ta faɗi. Mai ƙotar hauren giwa kuma, shawarata ka bar ta inda ka gan ta, domin tun 1989 ƙasashen duniya suka amince a haramta cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma ba jami'in da zai tsaya sauraron labarin kakanka.

To me za ka yi wa wadda ka samu? Kaɗan. Launin toka-toka ko baƙi-baƙi da ke jikin ruwan ba datti ba ne, rigar da baƙin ƙarfe ke yi wa kansa ce da shekaru, tana ma taimakawa wajen kare shi. Ka bar ta. Jar tsatsa mai gari-gari ita ce ke cin ƙarfe, ita za ka yaƙa. Ka ɗiga mata man keken ɗinki, ka bar ta ta kwana, ka murza da tsumma. Inda ta ƙi fita, ka goga bakin fensir a wurin, yana ɗaga tsatsa ba tare da ya karce ƙarfe ba. Dattin cikin ƙota kuma tsinken sakace ya ishe shi. Ɗigon mai guda a mahaɗa, ka buɗe ka rufe sau da yawa, ka share abin da ya fito. Uwargida, na san man gyaɗa ne a kusa, amma kada a sa shi, yana daskarewa ya yi danƙo ya riƙe mahaɗar. In za a yanka abin ci da wuƙar, a share man keken tas tukuna.

In kana son ta yi kaifi, dutsen hannu da ruwa, bakin kaifin kaɗai, yadda Baba yake yi. Shuɗin nan da na gani a tsinin tamu daga baya na gane ma'anarsa. Maƙeri yakan gasa ƙarfe ya tsoma a ruwa ko mai don ya yi tauri, sannan ya ɗan sake ɗumama shi daidai gwargwado. In injin washi ya zafafa shi har ya yi shuɗi, wajen digiri 300 ke nan, taurin ya ragu a wurin, ba kuma zai dawo da washi ba. Tsinin wuƙar Baba yanzu ko fensir ya feƙe sai ya dakushe.

Yanayinmu ma ba ya raga wa waɗannan kaya. Da damina laima ke kawo tsatsa, musamman in wuƙar na cikin kube, domin fata tana riƙe danshi, tana kuma sa tagulla ta yi kore. Da hunturu ƙaho da ƙashi ke bushewa su tsage. Ka ajiye su a rufe, a naɗe cikin tsumma mai tsabta, nesa da rana. Akwai kuma wata masifa da na koya da kuɗina. Wasu tsofaffin wuƙaƙe masu ƙota mai launi-launi kamar alawa, da wata tsohuwar roba aka yi su mai suna seluloid. In ta tsufa takan fara ruɓewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe, zafi kuma yana hanzarta abin. Na taɓa sa irinta a gwangwani ɗaya da wasu guda uku na rufe, bazara ta wuce a kansu. Da na buɗe, duka huɗun sun yi ja. In ka ga ƙota irin wannan ta fara tsattsagewa ko tana wari mai tsami, ka ware ta ita kaɗai a inda iska ke shiga, kuma nesa da wuta, domin kamawa take kamar fetur.

Abin da ya fi duk wannan, kuma ba ya cin ko sisi, shi ne takarda da biro. In mai wuƙar yana raye, ka je ka zauna da shi yau. Baba, a ina ka saye ta? Nawa? Wace shekara? Me ya karya tsinin nan? In ya rasu, ka tambayi Hajiya ko Baffa ko Gwaggo, akwai wanda ya sani. Ka rubuta a 'yar takarda ka naɗe tare da wuƙar. Ni ban taɓa tambayar Baba ba. Ban sani ba ko a Kurmi ya saye ta, ko a hanyar kudu wajen sarin goro, ko wani ne ya ba shi. Ina da wuƙaƙen da na san garin da aka ƙera su da shekarun da aka yi su, amma ban san ko mutum ɗaya da ya taɓa riƙe su ba.

Dole kuma in faɗi wannan tunda shafin iyali ne. Zamanin da dattijo ke yawo da wuƙa a aljihu ba wanda ya kalle shi ya wuce. Yau wuƙa a aljihun matashi fassara ɗaya gare ta a idon jami'in tsaro da na maƙwabta, kuma da dalili, kowa ya san abin da 'yan daba da masu ƙwacen waya suka mayar da unguwanni. Ita kanta Okapi ta yi baƙin suna a Afirka ta Kudu da Jamaika saboda irin hannayen da ta faɗa. Nawa suna gida a akwati mai kwaɗo, mabuɗin yana wurina. Ba na fita da su, ba na sa su a mota, ba na kuma sa su a jakar hannu in zan hau jirgi, domin a filin jirgi karɓewa za a yi, ba ruwan kowa da tarihinta. Yara kuwa ina nuna musu, ina zaune suna zaune, su karanta tambari, mu nemo garin a taswira. Babban ɗana na koya masa feƙe fensir da ƙaramar Opinel, kaifi yana kallon waje, in ya gama ya rufe ya miƙo mini.

Watanni kaɗan da suka wuce na tsinci wata Okapi a tarin wani ɗan gwangwan, baƙa ƙirin, amma dabbar tana nan, sunan Jamus yana nan. Na saye ta kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, na yi mata ɗigon mai na ajiye ta kusa da ta Baba. Da Yaya ta zo gidan suna a unguwarmu ta biyo ta wurina, sai na fito da su biyun na ce, "Yaya, ga yadda ta Baba take kafin in ɓata ta." Ko kallon sabuwar ba ta yi ba. Ta ɗauki mai ƙyallin, ta kai kusa da kunne, ta buɗe a hankali, ƙar-ƙar-ƙar. Ta ce, "Muryar dai tana nan." Ta rufe, ta ƙulle a bakin mayafinta, ta ce za ta riƙe ta kwana biyu. Wata na huɗu ke nan, ban tambaya ba.